Mai Amya da Furen Bakin Kwalta

An yi wani mai amya da gonarsa take a gindin tudu, tudun da masu aikin hanya suka yanke wa gefe guda, suka bar shi jawur kamar an feɗe shi. Shekara bakwai gamba da tofa suna rarrafe a gangaren, suna ɗinke shi da saiwa, har jan ya rufe. Shi kuwa gogan bai ga komai a wurin ba sai ciyawar da ƙudan zuma ba ya sauka a kanta. Ran nan yana dawowa daga kasuwa ya ci karo da wani baƙon tsiro a bakin kwalta, dogo, furensa rawaya fatau, ƙuda na ta rububi a kai. Ya cika hularsa da iri. Ya sassabe gambar, ya tuge tofar, ya watsa irin a gangaren. Matarsa ta ce, "Malam, wannan ciyawa ko sunanta ka sani?" Ya yi gyaran murya, ya maƙale ta irin ta masu karanta labarai a rediyo, ya ce, "Ke dai tanadi tuluna."

Da kaka tudun ya zama kamar rana ta sauko ta kishingiɗa a kansa. Mutumin naku sai ya kwanta rigingine a inuwar ɗorawa, ƙugin ƙuda na lallashinsa, ido rabi a rufe, yana ganin zuma tana gangarowa sannu sannu har bakin ƙofarsa. Ko sau ɗaya bai sunkuya ya leƙa ƙarƙashin furen ba. Da ya leƙa, da ya ga inuwar baƙon ta kashe duk wani ɗan gida, ƙasa tsirara tsakanin kara da kara, saiwar kuwa ba ta kai tsawon yatsa ba. Rani ya busar da shi, wutar mafarauta ta lashe. Ruwan shuka ya sauka, ya shuka dawarsa, ta fito, ta fara buɗe ganye. A ruwa na uku tudun ya taso da kansa, ja, mai kauri, ya sauko ya kwanta a kan gonar da ya gada tun daga kakansa. Bayan kwana goma tsiro ya keto ta cikin tsakuwar, kore shar, kunya bayan kunya. Ya durƙusa da murna, a zatonsa dawarsa ce, ya duba ganyen. Baƙon ne, irinsa ya biyo ruwa. Zuma dai ya samu a shekarar, gora uku.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin gyaran gira a rasa ido.