Kujerar Kurciya

Agogo ta sake tsayawa gaban farin allon, alƙalami a haƙora, ƙafa na kaɗa ƙasa. Lauyoyin ofishin ne suka laƙaba mata sunan. Ita ba lauya ba ce, aikinta bin su da lokaci: wa zai duba yarjejeniya, wa zai kira wa, me ya rage kafin kamfani biyu su zama ɗaya. Ko banɗaki ka shiga, kana fitowa za ka tarar da ita a bakin ƙofa.

Wannan karon kuwa har da rabonta a ciki. Oga, babban lauyan da ya kafa ofishin, ya taɓa ce mata duk ranar da ta kai babban aiki gaci, sashe guda zai damƙa mata. Ta faɗa wa mahaifiyarta, tsohuwa kuma ta faɗa wa duk unguwa.

A irin wannan aiki ba a kiran kamfani da sunansa sai an sa hannu. Mai saye shi ne Shaho, wanda za a saya Kurciya. Takardun ma Oga ya riƙe da kansa, ita dai allo da waya. Abin bai dame ta ba. Ranar da wasu baƙi suka zo suna auna ɗakuna ma cewa ta yi gara a yi fentin, bangon ya ji jiki.

Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya. Shaho yana da nasa ma'aikatan, ya ce duk ma'aikacin da yake da irinsa, na Kurciya sai dai ya yi haƙuri ya tafi. Mai Kurciya ya yarda a kan kowa, amma ya kafe a kan mutum ɗaya. Aka ɗaga ranar sa hannu, aka sake ɗagawa. Agogo ta koma cin abinci a tsaye, mijinta har tsokanarta yake wai allo ta aura. Sai Shaho ya aiko: ko Alhamis, ko a fasa.

Ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba ta faɗa ofishin Oga.

"Yallaɓai, don Allah ka yi wa mai Kurciyar nan magana. Mutum ɗaya zai hana ruwa gudu? Ya sake shi mana!"

Oga ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. "Ya ce ba shi da kamarsa."

"Kowa haka yake cewa. Wallahi kafin wata ya zagayo ya manta da shi."

"Shawararki ke nan?"

"Ita ce, Yallaɓai."

"To. Zai ji."

Ranar Alhamis tun da safe ta gyara ɗakin taro, zuciyarta fes. Ta jera ruwa da alƙaluma, ta manna suna a jikin kujeru da hannunta. Mutanen Shaho suka shigo, har da wata mata mai irin aikin Agogo sak, mai yawan duba agogo, tana lissafa wa zai fara sa hannu. Ɗaya gefen kuwa wayam.

Agogo ta leƙa baranda, ta dawo, ta sake leƙawa. Kai, wannan mutum zai kashe ta!

Oga ya shigo bai dube ta ba. Ya wuce kujerarsa ta kullum da ke gaban teburin, ya zagaya, ya ja wadda ta manna wa Kurciya ya zauna.