Rufin Gidan Ladidi

Wa ya fi laifi, wanda ya yi gini mai rauni, ko wanda ya sani ya yi shiru? Ban sani ba. Tanimu magini kuwa duka biyun ne.

Tun da aka kafa dokar awon kankare, shi ke yawo da na'urar awon a unguwarsu. Ya manna ta a rufi, ta saurara, sannan ta faɗi shekarun da suka rage wa ginin, a rubuta a ƙofa. In ba su kai biyar ba, ranar ake fitar da mutanen gidan.

Kowace ƙofa ta samu lambarta, ban da ta ƙanwarsa Ladidi.

"Yaya, ni kaɗai ce ba ni da lamba," ta ce, tana miƙa masa kunu. "Maƙwabta har sun fara cewa rowa kake min."

"Ni na zuba rufin nan. Ba ya buƙatar awo."

Shi ya zuba shi kuwa, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Sabon kankare sai an yi mako biyu ana ba shi ruwa. Shi kwana biyu ya ba shi, ya ce ya isa. Bai taɓa faɗa mata ba.

Ya ɗaga kai. Daidai saman tabarmar da jikokinta ke cin tuwo, sabon fenti ya ja dogon layi.

"'Yar tsaga ce," ta ce. "Na shafe ta, kar a ce aikinka ne."

Tanimu ya ajiye kunun, ya buɗe jakar na'urar.

"Fitar da yaran nan, Ladidi. Ki kawo min tsani."