Matar da Ta Yarda a Yi Hira da Ita

Ƙofar gidan a kulle take, makulli kuma ya yi ɓatan dabo. Mai binciken ya jijjiga ta har kafaɗarsa ta yi tsami, ya ƙwala wa mai gidan kira, babu wanda ya amsa. Ya koma ɗaki da rikodarsa a hammata.

Bincikensa na digiri a kan matan da mazajensu suka tafi suka bar su ne, kuma ba irin wanda ake raba takarda a cike ba. Sai an zauna da mace ido da ido, an saurare ta, ta faɗi abin da ke ranta da bakinta. Malamin da ke duba aikinsa ya riga ya ja masa kunne: in bai kawo hirarrakin kafin kwamiti ya zauna ba, ya tattara nasa ya nasa. Ga shi har rana ta take bai yi hira da ko mace ɗaya ba.

Ya buɗe durowa ya rufe, ya ɗaga katifa, ya zazzage aljihun rigunansa. Takalmansa ma wani ya ɗauke. Karin kumallon da aka ajiye masa ya huce a kan tebur, ko kallonsa bai yi ba. Wa ke ta abinci? Ya fara auna tsawon taga da ido, yana tunanin ko zai iya dira ba tare da ya karya ƙafa ba.

Yana cikin ja da ƙarfen tagar aka yi sallama. Wata dattijuwa ce, fuskarta duk gajiya, ɗauke da faranti. Ya ɗauka maƙwabciya ce.

"Malam, an ce kana neman matar da za ka yi hira da ita. Ni mijina ya tafi."

Saura kaɗan ya durƙusa mata. Ya share kujera da hannun riga, ya zaunar da ita, ya danna rikoda. Ya yi mata bayani yadda aka koya masa: ba za a ambaci sunanta ba, duk tambayar da ba ta so tana iya ƙin amsawa, in ta gaji a tsaya.

"Na yarda," in ji ta, "amma da sharaɗi. Ba na zance da mai yunwa. Kana ci ina magana."

Ya ja farantin. Shayin ya yi daidai yadda yake so, madara da yawa, sukari kaɗan. Ya haɗiye har da 'yar ƙwayar da ta ce ta ciwon kai ce, don kada ta fasa.

"Mama, ki ba ni labarin ranar da ya tafi."

"Ai ba shi da rana, Malam. Ban ga ya ɗaure kaya ba, ban ji ya yi sallama ba. Na dai waiwaya na ga ya yi mini nisa."

Bai katse ta ba. Ya san sirrin aikin: in ka bar shiru ya daɗe, mutum da kansa zai cike shi. Ta kuwa cike. Ta faɗa masa yadda take kwana da ido ɗaya a buɗe, yadda ta daina zuwa ko'ina, yadda yara ke cewa ta huta ta bar musu, ita kuma ta kasa.

"Yana aiko da saƙo?"

"Yakan leƙo jefi-jefi. Ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kira na da shi. Kafin in ajiye abin da ke hannuna ya sake ɓacewa."

"Yaya kuka haɗu?"

Nan ne ta yi murmushi. "Irinku ne, sarkin tambaya. Ya zo yi wa mahaifiyata tambayoyi, ya ƙare da tambayar aurena."

"To ai ya karya doka," in ji mai binciken. "Ba a haɗa bincike da neman aure."

"Haka na ce masa. Bai ji ba."

Ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka. Ya san doka ta hana shi sa baki, nasa sauraro ne, ba yanke hukunci ba. Amma ganin yadda take share hawaye da gefen mayafi ya sa ransa ya ɓaci.

"Mama, ki yafe mini, wannan ba ya cikin tambayoyina. Mutumin nan bai kyauta miki ba. Mace irinki ba a barin ta."

Ta daɗe tana kallonsa, kamar mai jiran ya ƙara wata kalma. Bai ƙara ba. Ya kashe rikodar, ya yi mata godiya, ya roƙe ta ko za ta dawo gobe, don hira ɗaya ba ta isa. Ta ce za ta dawo. Barci ya fara fizgarsa a kan kujera, ya manta da taga.

A bakin ƙofa wata matashiya na tsaye da jariri a kafaɗa. Ta karɓi farantin, ta yi ƙasa da murya: "Umma, yau ma binciken ne?"

"Shi ne, wanda ya gama tun kafin a haife ki," in ji dattijuwar. "Ya ci, ya sha magani. Babanku dai yau ma bai gane ni ba, amma ya ce mijina bai kyauta mini ba."