Yatsan Sarkin Ruwa

Kai da aka ɗora wa aikin duba ko kifin tafkin nan zai ɗore, ajiye takardarka tukuna ka ji wani misali. A wani gari na bakin tafki an yi wani sarkin ruwa, mutum mai fara'a da son yabo. Arzikin garin kaf warangi ne, ƙananan kifayen nan masu ƙyalli da ake shanyawa a rana, 'yan kasuwa su zo da motoci su kwashe buhu-buhu. Tun kaka da kakanni suna da al'ada guda. Duk shekara idan ruwa ya fara cikowa, sai a kawo wa sarkin ruwa kamun farko a ƙwarya, ya runtse ido ya ɗauko kifi ɗaya, ya kwantar da shi a kan yatsansa na tsakiya a gaban jama'a. In kifi ya rufe yatsa daga tushe har farce, to iyaye na nan a ruwa, kowa ya tura jirginsa. In ya gaza, an cinye manya ke nan, sai a kafa gora a bakin ruwa a ɗaura mata kaba, tafki ya huta wata uku kifi ya hayayyafa.

To, shekarar da sarkin ruwan nan ya sayi sabon jirgi mai inji da tarun da ya fi na kowa tsawo, a shekarar kifi ya gaza. Ba da yawa ba, farce ne kawai ya leƙo. Ya dubi farcen, ya dubi jirginsa da ko fenti bai gama bushewa ba, ya ji wata ukun nan sun zame masa shekara uku. Sai ya ɗan lanƙwasa yatsan, ya ce sanyin ƙashi ke damunsa. Kifi ya rufe yatsa ruf, makaɗa suka goce da kiɗa, masunta suka yi ta shi masa albarka, don su ma ba mai son zaman gida. Da shekara ta zagayo lanƙwasa ba ta isa ba, sai ya fito da yatsan naɗe da tsumma, wai ƙayar kurungu ta soke shi, aka auna da manuni. Ni dai ban taɓa jin kifi mai naci irin wannan kurungu ba. Shekara bayan shekara sai da ya bi yatsun hannun dama yana soka, har awo ya sauko kan ɗan ƙaramin yatsa.

Kada ka ɗauka ba shi da hujja. In wani dattijo ya yi gyaran murya, sai ya nuna masa buhunan da ke jibge a bakin ruwa, ya ce ai ga su nan ba su ragu ba. Gaskiya ne, ba su ragu ba. Sai dai masuntan da a da suke dawowa da hantsi yanzu sai la'asar, idon taru kullum ƙara matsewa yake, har ta kai mutane suna kwance gidan sauronsu suna shiga ruwa da shi, sauro na cin su, su kuma suna cin jikokin kifi. Matarsa, wadda ita ke shanya, ta ga kifin yana zurarewa ta tsakanin saƙar tabarma, iska na kwasar saura kamar ƙaiƙayi. Ta ce, "Maigida, abin nan da kuke kawowa, ko kaza sai ta duba sau biyu kafin ta gan shi." Ya ce mata ta ji da tabarmarta, ta bar masu ruwa da ruwansu.

A hannunsa na hagu akwai wani dungun yatsa da igiyar taru ta guntule tun yana saurayi, bai wuce gaɓa ɗaya ba. Shekara arba'in yana ɓoye shi cikin hannun riga don kunya. Ranar da ɗan ƙaramin yatsa ma ya fi kifi tsawo, sai ga shi ya zaro dungun nan da alfahari, da hannun da ko goro ba a miƙawa da shi. Kifi ya rufe dungu, aka rangaɗa guɗa. Abin dariya ne, amma ni tausayinsa nake ji, don ya san abin da yake yi sarai. Kowace shekara cewa yake a ransa, in Allah ya kai mu baɗi zan kafa gorar.

Allah kuwa ya kai su. Mutum arba'in suka ja taru tun safe har azahar, aka kawo masa ƙwarya. Ya runtse ido, ya laluba, ya fito da kwaɗo. Ya sake sa hannu, ya fito da warin silifa. Ya tsaya da dungu a miƙe ba abin ɗorawa a kai, makaɗa suka rataye gangunansu suka sulale. Ranar ya sa aka kafa gora, har guda biyu ma, amma ba sauran iyayen da za su haihu. Motoci suka daina zuwa, samari suka watse birni, jirgi mai inji ya zama wurin kwanan awaki.

Wata rana kwaɗayin kifi ya kama shi, ya ja rawani ya rufe fuska, sarkin ruwa guda, ya je kanti ya sayo kifin gwangwani. Da ya buɗe, sai hannu ya tuna abin da ya saba. Ya ɗauko ɗaya ya kwantar a kan yatsan tsakiya, wanda ya warke garau tun ranar da aka daina awo. Kifin ko kai ba shi da shi, amma ya rufe yatsan har ya yi rara. Ya daɗe yana kallonsa, mai na ɗiga a gaban rigarsa.

Saboda haka in ka je awo, ka miƙe yatsanka yadda Allah ya halicce shi, ko da makaɗa za su yi fushi da kai. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.