Gwiwar Kyaftin

Ka ce shekara goma sha biyu ka yi kana buga ƙwallo, Tanimu, don haka ba ka ga abin da malami zai ƙara maka a aji ba kafin a damƙa maka ƙungiya. Ban musa maka shekarunka ba. Amma gyara zama, in ba ka misalin wani mutum da ya taɓa zama a ajin nan namu na koyon aikin koci.

Mai tsaron baya ne, kuma shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar garinsu. Idan an tashi daga atisaye kowa ya nufi gida, shi sai ya saɓa buhun yashi a kafaɗa, ya yi ta hawa da sauka a matakalar simintin filin wasa har a kira magariba. Bai san ranar hutu ba. Da gwiwarsa ta dama ta fara kumbura, sai ya shafa man zafi, ya ɗaure ta da bandeji, ya ci gaba. Wata rana da la'asar ana tsakiyar wasa, ya juya zai bi ƙwallo, ya ji wani abu ya tsinke a cikin gwiwar, ya faɗi. Babu wanda ya taɓa shi. Mai ɗori ya laluba ya ce ba karaya, amma ƙafar ba ta sake ɗaukarsa da gudu ba. Sai mutanen gari suka ce wannan ba banza ba, da hannu a ciki. A makon nan aka ba mai tsaron gida kambun kyaftin, wanda abokinsa ne tun suna buga ƙwallon tsumma a lungu. Wani kuma ya ce ya ga mahaifiyar mai tsaron gidan ta fito daga gidan boka. Ba a nemi wata shaida ba. Kyaftin ya daina amsa sallamar abokinsa. 'Yan kallo suka riƙa yi wa mai tsaron gida ihu har ya ajiye wasan. Ita kuwa tsohuwar, daddawa take sayarwa, sai aka wayi gari ba mai aike gidanta.

Da wasa ya gagare shi, sai aka ba shi usur ya zama kocin ƙungiyar. Abin da ya sani shi ya koyar: buhun yashi, matakala, da cewa namiji ba ya kukan gwiwa. Cikin shekara shida, 'yan wasansa uku suka faɗi irin faɗuwarsa, ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ɗaya daga cikinsu saura wata guda wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Kocin ya ce maƙiya ne ba su haƙura ba. Ya ƙara layu a ɗakin sauya kaya, ya sa aka yayyafa rubutu a bakin raga.

Bai zo kwaleji don yana so ba. Masu shirya gasa ne suka ce ba kocin da zai sake zama a benci sai da takardar shaida. Ya zo da furfura a gemu, ya zauna a kujerar ƙarshe, yana danna waya. A mako na bakwai wata malama ta shigo da gwiwar roba mai buɗewa. Ta nuna jijiyoyi biyu da suka gitta juna a ciki, ta ce idan ƙafa ta gaji, naman da ke riƙe gwiwa ya saki, mutum ya juya alhali takalminsa ya kafe a ƙasa, jijiyar tana iya tsinkewa ita kaɗai. Ta ce kumburi gargaɗi ne, kuma hutu ɓangare ne na atisaye. Ranar ce ya fara ɗaga hannu.

"Malama, ko ba a yi wa mutum komai ba?"

"Ko ba a yi masa komai ba, Baba. Sau da yawa shi ya yi wa kansa, ko kocinsa."

Da aka tashi, ya roƙi a ba shi gwiwar. Ya daɗe yana buɗe ta yana rufewa.

Ya kammala karatunsa, ya koma gida, ya zubar da yashin, ya sa wa 'yan wasansa ranakun hutu. Ya bi waɗancan ukun gida gida ya faɗa musu gaskiya. Biyu suka saurare shi, ɗaya ya ƙi fitowa. Daga nan ya nemi tsohon abokinsa, ya same shi a bakin tasha yana facin taya. Ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya yi masa bayani, ya nemi gafara. Mai facin ya saurara har ƙarshe, hannunsa a cikin kwanon ruwa yana neman inda tayar take yoyo.

"Ni na yafe maka tuntuni," in ji shi. "Sai dai Inna ta rasu bara waccan. Mu tara muka kai ta."

Ya gano hujin, ya sa masa alama da alli, ya ci gaba da aikinsa.

Kocin nan ba mugu ba ne, Tanimu, ba kuma rago ba ne. A fili ya fi ka iya wasa, ya fi malamar da ta koyar da shi. Shekara ashirin yana taka leda da gwiwar nan, bai san abin da ke cikinta ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.