Daddawar Iya Tasalla

Tun da aka haramta ajiye man gas a gida, Iya Tasalla ta koma shanya daddawa a kan tankin da ta binne. Da man take tayar da injin rijiya duk ranar da hukuma ta yanke wa unguwa ruwa.

Da hantsi jami'i ya shigo da na'urar shinshina. Na'urar ta yi ƙara, warin daddawa ya ruɗa ta, ta yi shiru.

"Iya, mene ne a ƙarƙashin tabarmar nan?"

"Ƙasar ubana ce."

"Ɗage ta."

Iya ta miƙa masa moɗa cike da ruwa.

"Sha tukuna, ɗan nan. Uwarka ma a rijiyar nan take ɗiba. In ka shanye, ka ɗage da hannunka."