Danshi a Bangon Abba

Danshin ya fito ne a makon da Baffa ya kawo dillali ya ga gidan. A ɗakin marigayi Abba, daidai inda yake jingina bayansa in zai saurari rediyo, fentin bangon ya yi duhu kamar riga ta sha gumi.

Baffa ƙanen Abba ne, kuma ya riga ya yanke hukunci: a sayar da gidan, Umma da 'yarta su koma wurinsa. 'Yar, wadda ake kira Injiniya tun da ta shiga jami'a karatun tafiyar ruwa, ba ta yi musu ba. Sai dai in Baffa ya ba da baya, ta turo ciki gaba ta shaƙe murya tana kwaikwayonsa: "Gida ai bulo ne, bulo!" har Umma ta toshe baki da mayafi.

Mai saye na farko ya taɓa bangon, ya goge hannu a jikin rigarsa, bai ƙara dawowa ba.

"To, Injiniya," in ji Baffa, "yau ga ranar bokonki. Nemo mana inda yake yoyo."

Ta kuwa zage. Ta rufe babban famfo, mita ta tsaya cak, bango bai bushe ba. Mai gyaran famfo ya ƙwanƙwasa ko'ina, ya rantse babu bututu a ciki. Ta tsoma bulo a baho don Baffa ya ga yadda ruwa ke hawa ta 'yan ramuka, kamar shayi a ƙwayar sukari. Ruwan ya ɗan hau ya tsaya. Danshin ɗakin Abba kuwa yana can sama, ƙasansa a bushe ƙayau.

"Ruwa ba ya tsalle, Baffa," ta ce a hankali.

Daga nan danshin ya fara faɗi. Ya yi kafaɗu. Ya yi kai, a ɗan karkace, irin na mai kasa kunne. Umma ta daina share ɗakin. Injiniya ta daina kwaikwayon kowa. Takan wuni a ɗakinta da ke manne da na Abba, tana lissafi tana gogewa, kuma duk yadda ta juya shi, amsa ɗaya ce: bai kamata danshin ya wuce faɗin tafin hannu ba.

Mai saye na biyu da matarsa ya zo. Matar ta leƙa, ta saki salati, ta fita da takalmi ɗaya. Baffa ya daɗe a bakin ƙofa yana kallon bangon, hularsa a hannu.

"Yaya, na ji," ya ce wa bangon. "An fasa. Su zauna."

Da ya tafi, Injiniya ta kulle ɗakinta ta janye kabad, don ta kwashe kwalbar ruwan da ta ɓoye da lagwanin da ta zura ta ramin da ta huda a bango tun ranar da dillali ya zo, don bangon ya jiƙe masu saye su gudu. Kwalbar na nan cike har wuya yadda ta bar ta, lagwanin kuwa yana yashe a ƙasa, ya yi ƙura, ko ɗigo bai taɓa sha ba.